Akwatin Magani Daga Indiya: Wanne Zan Ba Yaro, Wanne Zan Ba Kyanwa?

"Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Jega, 'ya'yana uku, ƙaraminsu wata goma. Yayan maigidana ya raka wani jinya Indiya, ya dawo mana da tsarabar akwati mai ƙananan kwalabe wajen ashirin, wasu 'yan ƙwayoyi farare masu zaƙi, wasu na ruwa. Ya ce sunan maganin homiyofati, ba ya da illa, kuma mutum da dabba duk suna sha. A jikin kwalaben an rubuta irin su Belladonna 30C, Chamomilla 30C, Rhus tox 200C, Nux vomica Q da Arsenicum album 6X. Yanzu maigida ya ce a rage zuwa kemis, kuma karen gadi ba sai an yi masa allura bana ba. Yarona yana fitar da haƙori, jikinsa kan yi zafi da dare. Inna, surukata, tana fama da gwiwa da hawan jini. Muna da kyanwa da kaji da 'yan awaki. Don Allah ku koya mini yadda ake zaɓar wa kowa nasa, kuma ba na son in ɓata wa Yaya rai."
Wata uwa daga Jega

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Mu biyu muka haɗa wannan amsa, masanin magunguna da likitan dabbobi, kuma za mu fara da yaron, domin shi ne ba zai jira ba.

Fitar haƙori yana sa dalalar miyau, ƙaiƙayin dasashi, fitina da ɗan ɗumin jiki. Ba ya kawo zazzaɓi mai ƙarfi, ba ya kawo zawo mai yawa. Idan kin auna shi da ma'aunin zafi kika ga 38 ko fiye, kada ki jingina abin ga haƙori. A binciken ƙasa na 2021 kan zazzaɓin cizon sauro, jiharku ta Kebbi ce ta fi kowace jiha, inda aka sami ƙwayar cutar a jinin kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada. Saboda haka yaro ɗan wata goma mai zafin jiki da dare a Jega, gwajin yatsa ake fara yi masa, yau ko gobe da safe, a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Minti goma sha biyar zuwa ashirin sakamako ya fito. In ya nuna akwai, maganinsa artemether-lumefantrine ne. Yaro mai nauyin kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya yake sha a kowane lokaci, sau shida cikin kwana uku: ta farko nan take, ta biyu bayan awa takwas, sannan safe da yamma kwana biyu. Ki ba shi nono a kai, domin maiƙo ke sa jiki ya karɓi maganin sosai. In ya amayar cikin rabin awa, a sake ba shi. Kuma ko ya warware a kwana na biyu sai an ƙarasa, in ba haka ba ƙwayoyin da suka rage su sake tasowa bayan mako biyu ko uku. Don sauke zafi, farasitamol na yara: miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo na nauyinsa, kada ya wuce sau huɗu a yini. Yaro mai kilo 9, mililita 5 ke nan na ruwan da aka rubuta wa 120mg/5ml.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: ya ƙi kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, jijjiga, barcin da ba ya tasuwa, awazu na lotsawa in ya ja numfashi, ko numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya yana kwance shiru. Ko ƙarfe nawa ne a nufi babban asibiti. In kin je gwajin, ki riƙe katin rigakafinsa a duba. Tun Disamba 2024 aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa, sai ki tambaya ko ya samu nasa, tare da na ƙyanda da ake yi a wata tara. Dasashin kuwa, ki wanke hannu ki murza masa a hankali, ko ki ba shi tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya ciza. Ya wadatar.

To, yanzu akwatin. Kin tambayi yadda ake zaɓa, kuma za mu faɗa miki yadda masu wannan hanya suke yi, domin sai kin san shi za ki gane abin da ke hannunki.

Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya kafa ta, ya fara bayyana ta a rubuce a 1796. Ginshiƙinta na farko shi ne: abin da ke jawo wa mai lafiya wata alama, shi zai warkar da marar lafiya mai irin wannan alamar. Albasa tana sa hawaye da yoyon hanci, kamar yadda duk wanda ya taɓa shiga kasuwar albasa ta Aliero ya sani, don haka sai suka ce albasa ce maganin mura mai hawaye. Ita ce suke rubutawa Allium cepa. Belladonna tsiro ne mai dafi da ke sa jiki zafi, fuska ta yi ja, ƙwayar ido ta buɗe, shi ya sa suke ba da shi ga zazzaɓi. Rhus tox tsiro ne mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje, suna ba da shi ga gaɓar da ke sandarewa da safe ta saki in an motsa. Chamomilla ta yaro mai fitinar haƙori ce. Mai ba da maganin yakan zauna da mutum awa guda ko fiye yana tambaya: ciwon ya fi da dare ko da rana, sanyi ke ƙara shi ko zafi, akwai ƙishirwa, mutumin mai saurin fushi ne ko mai tsoro. Sai ya buɗe kundin alamomi ya nemo magani ɗaya da ya fi dacewa da hoton. Ki lura, a duk wannan babu gwajin jini, babu neman musabbabin cutar. Zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau da na ciwon kunne duk za su iya faɗawa kan kwalba ɗaya, tunda alama ake bi.

Ginshiƙi na biyu shi ne sirki, kuma nan ne lambobin da kika gani suka shigo. Harafin C yana nufin a ɗauki ɗigo ɗaya na asalin maganin a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza da ƙarfi. Wannan 1C ke nan. A ɗauki ɗigo ɗaya daga nan a sake zubawa cikin sabon ɗigo 99, ya zama 2C. Haka har sau talatin ga 30C, sau ɗari biyu ga 200C, sau dubu ga wanda aka rubuta wa 1M. A 3C an kai kashi ɗaya cikin miliyan. A 6C, ɗigon farko ya zama tamkar an sake shi cikin lita miliyan 50. A 13C, ruwan da ake buƙata don sirka ɗigo ɗaya kai tsaye ya fi na tekunan duniya gaba ɗaya. Ilimin sinadarai ya san adadin ƙwayoyin zarra da ke cikin kowane ma'auni na abu, kuma lissafin ya nuna daga wajen 12C zuwa sama da wuya a sami ko ƙwaya ɗaya ta asalin maganin a kwalbar. Wannan ruwan ne ake ɗiga wa 'yan dunƙulen sukari a bar su su bushe. Belladonna 30C ɗinki, Chamomilla 30C da Rhus tox 200C, in aka yi su yadda aka rubuta, sukari ne. Da za a cire takardun jikinsu a cakuɗa kwalaben, babu ɗakin gwajin da zai iya raba su. Masu hanyar suna cewa girgizar tana bar wa ruwan ƙarfin maganin, har ma mafi sirki shi ne mafi ƙarfi, amma ba a taɓa tabbatar da haka ba.

An kuwa gwada sosai. A 2015 hukumar binciken lafiya ta ƙasar Ostareliya ta tace bincike 176 a kan cututtuka 61, ta ce babu cuta ko ɗaya da aka sami ingantacciyar hujjar cewa homiyofati na maganinta. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta ba da shawarar likitocinta su daina rubuta shi, Faransa kuma ta daina biyan kuɗinsa daga inshorar lafiya a farkon 2021. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa kada a dogara da shi a tarin fuka, ƙanjamau, zazzaɓin cizon sauro, mura mai tsanani da zawon jarirai. A Indiya kuwa gwamnati ta amince da shi, akwai kwalejojinsa da shagunansa masu rajista, don haka Yaya bai sayi kayan bayan fage ba. Abin da ya gani ana sayarwa a fili da mutunci ya saya muku, da kyakkyawar niyya.

Sai dai maganar "ba ya da illa" ba ta hau kan dukkan akwatin ba, kuma wannan ne muke so ki fi riƙewa. Ki zauna da rana ki raba kwalaben kashi uku.

Kashi na farko: duk mai harafin Q, ko alamar sifili da aka ja wa layi a tsakiya, asalin jiƙon ne, ba a sirka shi ba. Nux vomica Q jiƙon ƙwayar wani icce ne mai ɗauke da dafin strychnine, wanda ke sa tsokoki su ɗaure, jiki ya sandare, numfashi ya tsaya. An daɗe ana kashe ɓeraye da karnuka da wannan dafin. Wannan kwalba ba ta da wurin zama a gida mai yara uku. Haka Aconitum Q ko Belladonna Q in akwai su. A wannan kashin za ki sa masu harafin X ko D da ƙaramar lamba, domin su sirkin ɗaya cikin goma ne: 1X kashi ɗaya cikin goma, 3X ɗaya cikin dubu, 6X ɗaya cikin miliyan. Arsenicum album gubar arsenik ce, Mercurius zaiba ce, Plumbum dalma ce. A 6X abin kaɗan ne ƙwarai, amma akwai shi, kuma kin dogara ne kacokan ga cewa masana'antar ta auna daidai. Ba kullum take aunawa daidai ba: a 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gwada wasu ƙwayoyin haƙorin jarirai na homiyofati ta sami belladonna a cikinsu ba bisa ƙa'ida ba, wani lokaci fiye da abin da aka rubuta nesa ba kusa ba. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010, bai kamata a ce mun ba jariri ƙarfe mai guba da hannunmu ba, komai ƙanƙantarsa, a kan amfanin da babu shi.

Kashi na biyu na ruwa ne, ko da lambarsu 30C ce ko 200C. Ki duba ƙasan takardar, za ki ga adadin barasar da ke ciki, sau da yawa tana kai kashi 90 cikin 100. Cokali kaɗan na irin wannan yana iya sauke sukarin jinin jariri ya suma, kyanwa ma haka. Hukuncinsa a addini malamai za ku tambaya. Mu dai mun gaya miki abin da ke cikin kwalbar. Duk wani ƙulli ko kwalba marar takarda, marar sunan masana'anta da ranar lalacewa, ki haɗa shi da waɗannan. Kada ki zuba su a bola inda yara da awaki ke kiwo, kada kuma a kwatami. Ki kai wa mai kantin magani mai rajista ko ma'aikacin asibiti ya zubar yadda ya dace.

Abin da ya rage, wato busassun ƙwayoyi masu 30C zuwa sama daga masana'anta mai suna, su ne ba sa cutarwa da kansu. Cutarwarsu tana zuwa ta hanyar jinkiri. Akwai wata koyarwa a wannan hanya da ke cewa in ciwo ya ƙaru bayan shan magani, alama ce yana aiki, a ƙara haƙuri. Ga babba mai mura wannan ba komai. Ga yaro mai zazzaɓin cizon sauro, kwana biyun da aka yi ana jira su ne ke kai shi ga jijjiga da ƙarin jini. Muna roƙonki kada ki karɓi wannan magana daga bakin kowa.

Za ki ji mutane na rantsuwa sun sha sun warke, kuma ba ƙarya suke yi ba. Mura tana tafiya da kanta cikin mako guda ko kwana goma. Ciwon gwiwa yana tashi yana kwanciya, kuma mutum ba ya neman magani sai ranar da ya fi tsanani, ranar da daga ita sai sauƙi ko an sha ko ba a sha ba. Zaman awa guda da mai sauraro ma yana kwantar da hankali. Duk wannan sauƙi ne na gaske, amma ba daga kwalbar ya fito ba.

Game da Inna: in ranta ya kwanta da 'yan ƙwayoyin Rhus tox 200C, ba sai an yi rigima da ita ba, sharaɗi ɗaya ne, kada ta ajiye maganin hawan jininta ko na kwana ɗaya. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa mutum ke jin ya warke ya daina, sai shanyewar ɓarin jiki ta biyo baya. A riƙa auna ta aƙalla sau ɗaya a wata. Abin da ke taimakon gwiwar tsofaffi da gaske shi ne ƙarfafa tsokar cinya: ta zauna a kujera, ta miƙe ƙafa ɗaya sosai, ta riƙe ta ƙirga biyar, ta sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. Sai 'yar tafiya kullum a fili mai laushi, gasa gwiwar da tsumma mai ɗumi, rage ƙiba in akwai, da man shafawa na diclofenac. Ƙwayoyin diclofenac da ibuprofen na sha kullum kuwa ba nata ba ne: suna ɗaga jini, suna cin ciki, suna taɓa ƙoda. Haka haɗe-haɗen ƙwayoyin "ciwon jiki" da ake ƙullawa a leda, domin sau da yawa akwai sitiroyid a ciki, mai kumbura fuska ya tayar da sukari. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi ga taɓawa tare da zazzaɓi, ta asibiti ce a ranar.

Sai dabbobi, kuma a nan maganar kare ta fi komai nauyi. Ciwon haukan kare, da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira. Allurar da ake yi wa kare tun yana wata uku, a maimaita kowace shekara, ita ce katangar da ke tsakanin wannan cuta da 'ya'yanki. A homiyofati akwai abin da suke kira nosode, wanda ake sirkawa daga miyau ko ƙwayar cuta a ce yana maye gurbin rigakafi. Ba ya sa jiki ya samar da kariya. A kai karen asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma a yi masa allura, a karɓi takardar shaida a adana. Kyanwar ma ana yi mata. In kare ko kyanwa ya ciji wani ko ya yakushe shi har fata ta fashe, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti goma sha biyar cur, kada a ɗaure, kada a tsaya neman gashin karen, a tafi asibiti a fara allurai a ranar.

Ana yawan cewa dabba ba ta san an ba ta magani ba, don haka in ta samu sauƙi to maganin ne. Mai dabbar ne ke ganin sauƙin. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2012, an ba karnuka masu ɗingishi maganin da babu komai a cikinsa. Kusan kashi 40 cikin 100 na lokutan masu karnukan sun ce an samu sauƙi, alhali na'urar da ke auna yadda kare ke taka ƙafa ba ta nuna canji ba. Dabba ba ta iya cewa har yanzu da ciwo, sai ta ci gaba da shan wahala shiru.

Kyanwa abin da take buƙata kaɗan ne: maganin tsutsar ciki duk wata uku bisa nauyinta, da maganin ƙuma wanda aka rubuta na kyanwa ne. Kada a taɓa ba ta farasitamol, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Kada a shafa mata maganin kaska na kare ko na shanu, musamman mai permethrin ko cypermethrin, yana sa ta karkarwa da jijjiga. Kyanwar da ta yi kwana biyu ba ta ci ba, ko muzurun da ke ta yunƙurin fitsari ba ya fita, a kai su ga likita ba tare da jira ba. Kaji kuma annobar Niyukasul ce ke share su, galibi da hunturu: koren zawo, murɗewar wuya, mutuwa cikin kwanaki. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin wanda ake kira I-2, ɗigo ɗaya a ido ga kowace kaza, babba da ƙarama, a maimaita duk wata huɗu, kuma a yi kafin sanyi ya shigo. Lafiyayyu ake yi wa, kuma in an haɗa ruwan a ƙarar da shi a ranar, a inuwa. Awaki a yi musu allurar PPR, annobar da ke zuwa da majina, gyambon baki da zawo; allura ɗaya tana kare su shekara uku ko fiye.

Saura zancen Yaya da maigida. Ba a buƙatar ki ce wa kowa an cuce shi. Ki yi wa Yaya godiya kamar yadda ake yi wa duk mai tsaraba, kuma godiyar gaskiya ce, tunda tunawa da ku ya yi a ƙasar mutane. Maganar da maigida za ki yi, ku biyu, ba a gaban Inna ko yara ba, kuma kada ki buɗe ta da cewa maganin ba ya aiki, nan gardama za ta tsaya. Ki nemi abu uku ƙanana: a gwada jinin yaro, Inna ta ci gaba da maganinta, a yi wa kare allura. Ki nuna masa kwalbar Nux vomica Q, ki roƙe shi ya kai ta wurin masanin magunguna a Jega ko Birnin Kebbi ya ji da kunnensa mene ne a ciki. Magana irin wannan ta fi shiga in ta fito daga bakin ma'aikaci, ke kuma kin fita daga tsakanin wa da ƙani. In Yaya ya tambaya, amsar gaskiya ce a ce masa an ajiye masu ƙarfin saboda yara, bisa shawarar asibiti.

Kafin a kai ga haka, akwatin ya hau can saman kwaba ko a kulle shi, domin ƙwayoyin zaƙi gare su kuma yara za su ɗauke su alewa. In wani yaro ya shanye kwalbar busassun 30C, ki duba takardar ki tabbatar haka aka rubuta, ki sa masa ido, in kin ga wani canji ki kai shi. In kuwa ta ruwa ce, ko mai Q, ko mai X, ko marar takarda, kada ki sa shi amai, kada ki ɗura masa manja ko madara. Ki ɗauke shi tare da kwalbar ku tafi asibiti nan take, ki gaya musu ƙarfe nawa ya sha da kimanin yawan abin da ya ragu a ciki.